Hikori: Bishiyar da Ɓarawonta Ke Shuka Ta

A dazuzzukan gabashin Amurka ta Arewa akwai wata bishiya da ake kira hikori. Ba ta tsiro a ƙasar Hausa, kuma da wuya a sami ɗalibin da ya taɓa ganin ƙwallonta. Amma mai yiwuwa ya taɓa riƙe itacenta bai sani ba, domin da shi ake yin ƙotar wasu guduma da gatura da ake shigowa da su daga ƙasashen waje. Dalilin kawo ta cikin wannan darasi shi ne wata ɗabi'a tata da ta daɗe tana ɗaure wa masana ilmin halittu kai. Bishiyar ba ta yin 'ya'ya daidai wa daida kowace shekara. A bana sai ta zubar da ƙwallo har ya rufe ƙasa, baɗi kuma, wani lokaci har da baɗin baɗaɗa, mai tsinta ya zaga gindinta ya dawo da abin da bai cika tafin hannu ba. Bugu da ƙari, bishiyoyin yanki guda sukan cika tare su kuma yi fashi tare, kamar sun zauna sun yi shawara. Kafin a kai ga dalilin haka, wajibi ne a san bishiyar kanta da abin da ke cikin ƙwallonta.

Asali da Kamanni

Masana suna kiran jinsin wannan bishiya Carya, sunan da wani masanin tsirrai ɗan Ingila, Thomas Nuttall, ya raɗa masa a shekarar 1818. Jinsin yana cikin dangin Juglandaceae, wato dangin bishiyar walnat. Nau'o'insa ba su kai 20 ba. Mafi yawansu suna Amurka da kudancin Kanada da Meziko, kaɗan kuma suna ƙasar Sin da maƙwabtanta.

Nau'in da za a fi dogara da shi a nan shi ne Carya ovata, wanda Amurkawa ke yi wa laƙabi da hikori mai yagaggen ɓawo. Idan bishiyar ta manyanta, ɓawon jikinta yakan tsattsage ya zama dogayen falle-falle masu lanƙwasa, kowanne manne da gangar jiki ta tsakiya, bakinsa na sama da na ƙasa a ɗage, har mai kallo daga nesa ya ɗauka tsumma aka rataya mata. Wani ƙaramin jemage da ke fuskantar barazanar ƙarewa, mai suna Myotis sodalis, yakan fake a ƙarƙashin waɗannan falle-falle ya yi renon 'ya'yansa. Bishiyar takan kai tsawon mita 20 zuwa 30, ta miƙe sambal, kuma takan rayu shekara 200 zuwa 300. Ana samun ta daga kudancin Kanada har zuwa jihohin Jojiya da gabashin Teksas. Ganyenta irin na dalbejiya ne ta fuskar tsari, wato kara ɗaya ɗauke da 'yan ganyayyaki, sai dai nata galibi 5 ne, kuma manya ne ƙwarai. A watan Oktoba ganyen yakan koma ruwan ɗorawa ya zube, bishiyar ta tsaya tsirara har sanyi ya wuce.

Ba kowane hikori ne ke da ƙwallo mai daɗi ba. Na Carya cordiformis yana da ɗaci da bauri har dabbobi ma kan bar shi sai sun rasa wani, saboda yawan sinadarin tanin da ke cikinsa, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Carya laciniosa kuwa shi ne mai ƙwallo mafi girma. Akwai kuma Carya illinoinensis, wanda ake kira fikan, kuma shi kaɗai ne daga cikin nau'o'in Amurka ya zama babban amfanin gona. Za a dawo kansa.

Daga Fure zuwa Ƙwallo

Dabino yana da namiji daban mace daban. Hikori kuwa, kamar masara, bishiya ɗaya ce ke ɗauke da furanni maza da furanni mata. Mazan sukan fito tsakanin Afrilu da Yuni, tare da sabon ganye, suna reto uku-uku kamar tuntu. Matan ƙanana ne, ba ƙamshi ba launi, a can bakin sabon reshe. Ba ruwan wannan bishiya da ƙudan zuma. Iska ce ke ɗaukar garin furen namiji ta kai wa mace. Kuma a bishiya ɗaya ba kasafai mazan da matan ke nuna a lokaci guda ba. An fi nazarin wannan a jikin fikan, inda aka ga wasu bishiyoyin sukan saki garin fure kafin matansu su shirya, wasu kuma matansu ne ke riga shiryawa. Saboda haka yawancin barbara tsakanin bishiya da maƙwabciyarta take faruwa. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan batu, domin zai yi amfani har sau biyu a gaba.

Ɗan itacen yakan nuna a watannin Satumba da Oktoba. Yana da riga uku, in an ƙidaya daga waje. Ta farko kwasfa ce mai kauri, koriya, wadda in ta bushe takan yi baƙi ta tsage gida 4. Ta biyu ƙwanso ne fari-fari mai taurin gaske, wanda haƙorin mutum ba ya iya fasawa sai da dutse ko guduma. Ta uku siririyar fata ce da ta lulluɓe ƙwayar. Ita ƙwayar ɓari biyu ce kamar ta gyaɗa, amma a murɗe take, ta shiga lungu-lungun ƙwanson, shi ya sa ciro ta ɗungum aiki ne na mai haƙuri. Waɗannan ɓari biyu su ne ganyen farko na jaririn tsiro, kuma su ne rumbun guzurinsa.

Guzurin nan mai ne. A cikin giram 100 na ƙwayar hikori akwai mai kimanin giram 64, da ƙarfin abinci kimanin kalori 650. Na fikan ya fi haka, mai kimanin giram 72 da kalori kusan 690. Don a gane girman wannan, gyaɗa, wadda kowa ya san ta da mai, kimanin giram 49 take da shi, masara kuwa ba ta wuce giram 5 ba. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci 4 kawai yake ɗauke da shi. Wato bishiyar tana cusa abinci mai yawa a ƙaramin wuri. Amma kafin ta haɗa man nan sai ta ƙona sukari mai yawa daga abin da ganyenta ya haɗa da hasken rana. Ƙwallon hikori abu ne mai tsada ga uwarsa.

Me ya sa jariri ke buƙatar guzuri mai yawa haka? Saboda a ƙarƙashin inuwar manyan bishiyoyi yake tsira, inda hasken rana bai wadata ba. Ƙwayar takan zauna cikin ƙasa tana shayar da tsiron, shi kuma ya mayar da hankalinsa ga saiwa. A shekara 3 na farko uwar saiwarsa takan nutsa kusan mita ɗaya, alhali abin da ake gani a sama bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. Wannan saiwa ce ke sa in barewa ta cinye kansa, ko gobarar daji ta ƙone shi, ya sake toho. Ita ce kuma ke sa dashensa wuya, domin duk wanda ya tono shi sai ya yanke ta. A daji, bishiyar takan kai shekara 40 kafin ta fara ba da ƙwallo na kirki, kuma ganiyarta tana tsakanin shekara 60 da 200.

Kurege

Yanzu a duba matsalar da ke gaban bishiyar. Ƙwallonta yana da nauyi, ba shi da fiffike kamar irin da iska ke ɗauka, ba shi kuma da nama mai zaƙi da zai sa tsuntsu ya haɗiye ya kasayar da shi a wani wuri. In ya faɗo, gindin uwarsa zai tsaya, a fili, inda zai bushe ko a cinye shi, in ma ya tsira inuwar uwar ta kashe shi. Yana buƙatar wanda zai ɗauke shi ya kai shi nesa, ya kuma binne shi. Mai yin wannan aiki shi ne babban ɓarawonsa, wato kurege.

Kuregen waɗancan dazuzzuka a kan bishiya yake zama, ba a rami ba kamar na ƙasar Hausa, amma wayon ɗaya ne. Ba ya barcin hunturu kamar wasu dabbobin can, don haka dole ya tanadi abincin watannin da dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa. Yadda yake tanadin shi ne abin lura. Ba ya tara dukiyarsa a rumbu ɗaya, inda wani zai gano ya kwashe. Ƙwallo ɗaya-ɗaya yake ɗauka, ya yi nisa da bishiyar, ya tona ɗan rami, ya saka, ya rufe, ya daddanna da ƙafafunsa na gaba. Daga baya yakan gano wuraren ta hanyar tunawa da kuma sansano. Amma ba duka yake tonowa ba. Wani ya ɓace masa, wani bai buƙace shi ba, wani lokaci kuma shaho ko mujiya sun ɗauke mai ajiyar kafin sanyi ya wuce. Duk ƙwallon da ya saura an riga an shuka shi, a zurfin da ya dace, nesa da inuwar uwarsa.

Har taurin ƙwanson yana da hannu a nan. Masana halayyar dabbobi sun lura cewa abin da ke da saurin ci, kurege yakan cinye shi nan take. Abin da zai ɗauke shi lokaci yana gaigaya, kuma ba ya saurin lalacewa, shi yake ajiyewa. Zama a fili ana gaigayar ƙwallo ɗaya alhali ga ɗaruruwa a zube, ga kuma shaho a sama, ba dabara ba ce. Saboda haka ƙwanso mai tauri yana hana ƙananan ɓarayi, yana kuma tura babban ɓarawo ga binnewa.

Binnewar tana da wani amfani. Irin hikori ba ya tsira da zarar ya faɗi. Sai ya yi kwana 90 zuwa 120 cikin sanyi da danshi kafin ya farka. Da zai tsira a watan Oktoba, da ƙanƙarar Disamba ta kashe shi. Masu renon itatuwa sukan kwaikwayi wannan ta hanyar ajiye irin cikin jiƙaƙƙen yashi a firij na tsawon wata 3 ko 4. Ramin kurege yana yin wannan aiki kyauta. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kurege yana cin ladan, yana kuma yin askin, ko da yake bai san yana yi ba.

Shekarar Yalwa da Shekarar Fashi

Wannan ciniki yana da haɗari ga bishiyar. A ɗauka daji yana zubar da ƙwallo daidai wa daida kowace shekara. Kurege da ɓera da sauran masu ci za su hayayyafa har yawansu ya yi daidai da abincin, sa'annan kowace shekara su cinye kusan duka. Bishiyar za ta zama mai ciyar da dabbobi kawai, ba ta bar magaji ba.

Yanzu a ɗauka dajin ya yi fashi shekara ɗaya ko biyu. Abinci ya yi ƙaranci, haihuwar masu ci ta ragu, wasu sun mutu, wasu sun yi ƙaura. Sai a shekara ta gaba ƙwallo ya zubo kamar ƙasa. 'Yan kuregen da suka saura za su ci su ƙoshi, su binne fiye da abin da za su iya tonowa, kuma kafin su hayayyafa su cike gurbin, rarar ta riga ta tsira. Wannan bayani ana kiransa ƙosar da maci, kuma masanin muhalli ɗan Amurka Daniel Janzen yana cikin waɗanda suka fito da shi fili a rubuce-rubucensa na farkon shekarun 1970. A nan ne ake gane dalilin da ya sa dole bishiyoyin su yi abin tare. Bishiyar da ta saɓa wa 'yan'uwanta ta yi 'ya'ya a shekarar fashi, duk mayunwatan dajin kanta za su taru, ba za ta tsira da ko ɗaya ba. Wadda ta bi sahu kuwa, 'ya'yanta sun ɓuya cikin taro. Bayan dubban zuriyoyi, masu bin sahu ne suka bar jikoki.

A kula da kyau: faɗin cewa bishiya ta yi dabara salon magana ne kawai. Bishiya ba ta da tunani, ba ta kuma ƙidaya kurege. Ɗalibi da ya rubuta a jarrabawa cewa bishiyar ta yanke shawarar hutawa ya yi kuskure. Abin da ya faru shi ne, halin da ya fi barin zuriya shi ne ya wanzu. Wannan ya amsa tambayar amfanin ɗabi'ar. Akwai tambaya ta biyu daban, wato ta wace hanya jikin bishiyar ke aiwatar da ita?

Amsa ta farko tana cikin tsadar mai da aka ambata. Ƙwayar takan cika da mai ne a ƙarshen lokacin girma, 'yan makonni kafin ganye ya zube. A shekarar yalwa 'ya'yan sukan zuƙe kusan duk sukarin da ganye ya haɗa, har su taɓa ajiyar sitacin da ke cikin saiwa da rassa, kuma ba sauran lokacin da bishiyar za ta mayar da gurbin kafin sanyi ya shigo. Sai ta shiga sabuwar shekara da rumbu fanko, furanninta mata su yi kaɗan. Manoman fikan sun san wannan sarai, shi ya sa a shekarar da 'ya'ya suka yi yawa sukan girgiza bishiyar da inji tun 'ya'yan suna ɗanye, su zubar da wani kashi, domin wanda ya saura ya cika sosai, baɗi kuma a sami wani abu.

Amsa ta biyu yanayi ne. Bishiyoyin yanki guda sama ɗaya ce a kansu. In sanyi mai daskarewa ya dawo a makare a watan Afrilu ko Mayu ya ƙone furanni, duka ya ƙone wa. Duka za su huta a wannan shekara ba da son ransu ba, duka kuma su cika rumbu, su fito da ƙarfi a shekara mai zuwa. Da haka sahu ke daidaita.

Amsa ta uku ita ce barbarar iska. Tunda kowace bishiya tana dogara da garin furen maƙwabtanta, wadda ta yi fure a shekarar da sauran ba su yi ba, yawancin furanninta ba za su sami barbara ba. Ba ta yi 'ya'ya ba, don haka ba ta kashe ajiyarta ba, sai ta sake gwadawa baɗi, har ta faɗa shekara ɗaya da sauran. Waɗannan amsoshi uku ba kishiyoyin juna ba ne, kuma kowacce tana ƙarfafa 'yar'uwarta.

Akwai maƙiyin da bai faɗa wannan tarko gaba ɗaya ba. Wani ƙwaro ne mai dogon baki kamar allura, sunansa Curculio caryae. A watannin Agusta da Satumba macen takan huda kwasfa da ƙwanso ta saka ƙwai a cikin ƙwayar. Tsutsar takan cinye ƙwayar, ta huda ƙaramar ƙofa zagayayya ta fito, ta nutse cikin ƙasa. A can take zama, kuma sai bayan shekara 2 mafi yawansu ke fitowa a matsayin manyan ƙwari, wasu kuma sai bayan shekara 3. Wato uwa ɗaya ta raba 'ya'yanta tsakanin shekaru biyu. In kashi ɗaya ya fito a shekarar fashi ya mutu da yunwa, ɗayan yana iya dacewa da yalwa. Yadda bishiya ke wasa da lokaci, haka ƙwaron ma yake yi. Masu tsintar ƙwallo a can sukan zuba shi cikin ruwa bayan sun ɓare kwasfar, su zubar da wanda ya taso sama, domin galibi fanko ne ko mai tsutsa.

Tafiyar Bishiya

Ragowar ƙwallo da garin furen da suka daskare cikin duwatsu sun nuna cewa a zamanin da, hikori yana tsiro har a nahiyar Turai. Zamanin ƙanƙara, wanda ya fara kimanin shekara miliyan 2.6 da suka wuce, shi ya shafe shi daga can. Bayanin da masana suka daɗe suna bayarwa shi ne, manyan duwatsun Turai da tekun Bahar Rum sun gitta ne daga gabas zuwa yamma, sai suka tare wa itatuwa hanyar ja da baya zuwa kudu. Duwatsun gabashin Amurka kuwa daga arewa zuwa kudu suka miƙe, hanya a buɗe take. Da ƙanƙarar ƙarshe ta janye kimanin shekara 11,700 da suka wuce, hikori ya sake hawa arewa har Kanada. Bishiya mai ƙwallo mai nauyi ba ta da ƙafar yin wannan tafiya in ban da ta masu ɗauka su binne, zuriya bayan zuriya.

Hikori da Ɗan Adam

Mutum ma yana cikin masu cin. A wuraren zaman mutanen da, kamar Koster a jihar Ilinoi, masu tonon kayan tarihi sun sami ƙonannen ƙwanson hikori tuli a cikin tokar murhun da ta yi dubban shekaru. 'Yan asalin ƙasar sun warware matsalar ciro ƙwayar ta hanya mai sauƙi: ba sa cirowa. Sukan daka ƙwallon duka a turmi, ƙwanso da ƙwaya, su zuba cikin tafasasshen ruwa. Ƙwanson mai nauyi ya nutse, mai da farin ruwan ƙwayar su taso, a tace. Abin da ake samu farin ruwa ne mai kauri, kusa da abin da ake dama kunun gyaɗa da shi. Mutanen Powhatan na yankin Bajiniya suna kiran wannan abinci da wata kalma mai kama da fokahikora. Turawan Ingila da suka kafa garin Jamestown a 1607 suka ji ta, suka gutsure ta, ta zama sunan bishiyar. Masanin tsirrai William Bartram, a littafin tafiye-tafiyensa da aka buga a 1791, ya ba da labarin cewa ya ga iyali ɗaya na ƙabilar Creek sun tara fiye da bushel 100 na wannan ƙwallo, wato abin da ya haura lita 3,500. Har yau mutanen Cherokee suna daka shi su dunƙula kamar fura, su dama in buƙata ta taso, suna kiransa kanuchi.

Duk da haka Carya ovata bai zama amfanin gona ba. Wane manomi ne zai shuka abin da sai ya tsufa zai fara tsinta, ga wuyar dashe, ga wuyar fasawa, ga fashi? Fikan ne ya tsallake, saboda ƙwansonsa siriri ne kuma ƙwayarsa tana fita cikin sauƙi. Shi ma ya daɗe yana gagarar manoma, kuma dalilin shi ne barbarar da aka ambata. Tunda uban kowane ƙwallo wata bishiya ce da ba a sani ba, in an shuka irin bishiya mai kyau, abin da zai fito ba lallai ya gaji uwarsa ba, kuma sai an jira shekaru kafin a gane an yi asara. Maganin wannan shi ne aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro: a yanko reshen bishiyar da ake so a haɗa shi da gindin wata. Wanda tarihi ya fi tunawa da cin nasarar wannan a jikin fikan wani bawa ne mai kula da lambu, sunansa Antoine, a gandun rake na Oak Alley da ke jihar Luwiziyana. Tsakanin 1846 da 1847 ya aurar da bishiyoyi 16. Irin da ya fito daga hannunsa ya sami yabo a baje kolin Filadelfiya na 1876, aka sa masa suna Centennial. Shi kuwa Antoine, takardun gandun ko sunan mahaifinsa ba su ajiye ba. Fikan mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 5 zuwa 10. A yau Meziko da Amurka ne ke noma mafi yawansa, Afirka ta Kudu tana biye da su. Amma aure bai cire masa halin kakanninsa ba. Har yanzu shekara mai nauyi da shekara mara nauyi suna cikin manyan damuwar manomansa.

Itacen hikori kuwa labarinsa gajere ne. Yana da nauyi, yana da tauri, kuma yana shanye duka ba tare da ya karye ba, shi ya sa babu kamarsa wajen ƙota. Da shi aka yi sandunan ƙafafun keken doki da na motocin farko irin su Ford Model T, da shi ake yin sandunan kaɗa gangar Turawa, kuma da hayaƙinsa ake ƙyafe nama. Sojojin Andrew Jackson, wanda ya shugabanci Amurka daga 1829 zuwa 1837, sun yi masa laƙabi da Tsohon Hikori tun a 1813 saboda taurinsa. Wani abin mamaki, bishiyar da ta girma da sauri itacenta ya fi na mai jinkiri ƙarfi, domin a kowane zoben shekara ɓangare mai ramuka faɗinsa kusan ɗaya ne, ƙarin faɗin da aka samu duk na ɓangare mai ƙarfi ne.

Aiki a Makaranta

Ba sai an je Amurka ba kafin a ga bishiya mai fashi. Mata masu tsintar kaɗe sun san akwai shekarar da kaɗanya ke cika da shekarar da take ƙi, masu lambun mangwaro ma haka. Malamin da makarantarsa ke kusa da irin waɗannan bishiyoyi yana iya sa ɗalibai su zaɓi guda 10, su rubuta wa kowacce lamba da fenti, su kuma ware rassa 3 a kowacce. Kowace shekara, a mako guda da aka tsayar, a ƙidaya 'ya'yan da ke kan waɗannan rassa. A tsinci 100 daga waɗanda suka faɗo, a fasa, a rubuta nawa ne ke da tsutsa. A kuma rubuta ranar da ruwan farko ya sauka da ranar da ya ɗauke. Tambayoyin da za a nemi amsarsu su ne: shin bishiyoyin 10 tare suke cika? Shin kashin da tsutsa ta ci yana raguwa a shekarar da 'ya'ya suka yi yawa?

Ƙidayar shekara ɗaya ko biyu ba ta isa a ce komai ba. Sai a sami littafi mai bango mai ƙarfi, a ajiye shi a ofishin malamin kimiyya, kowane aji ya miƙa wa na bayansa. Ɗalibin da ya fara ƙidayar a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ranar da zai bar aji uku na babba zai ga layi 6 a cikin littafin.